Taku Tara Daga Turke

Ranar Laraba da safe, saura kwana uku a buɗe dutsen kabarin wan mijina, na shiga maƙabarta da bokiti da tsumma, na tarar babu dutsen.

Daɓen yana nan, farin tayil ɗin da muka wanke jiya yana ta ƙyalli. Furannin roba suna nan yadda na jera su. Amma a wajen kai, inda muka kafa baƙin dutsen ranar Litinin muka naɗe shi da atamfa goma sha biyu, sai ƙarafuna biyu a tsaye da ɓarɓashin siminti. Har da atamfofin aka tafi. A kan tayil kuwa, daidai inda ƙirjin mutum yake, ga sawun takalmi guda biyu da rairayi a jiki. Wani ya hau kan kabarin ya tsaya da ƙafafunsa biyu.

Ni ce babbar mariget ta gidan, wato shugabar surukai. Idan aka yi mutuwa, dangi na jini kuka ne kawai nasu. Mu surukai mu ne masu wanka, mu zaɓi akwati, mu haƙa, mu binne, mu riƙe kabarin amana har ranar da za a kware dutse mu miƙa musu shi a gaban jama'a. Shekara biyu ina riƙe da wannan amanar. Baƙi kusan ɗari uku sun riga sun sauka a tsibirin, aladu suna ɗaure. Ga kuma Telita, matar marigayin, an kawo ta daga birnin Townsville duk da likita ya hana, zuciyarta ta kumbura. Ta ce ba za ta mutu cikin baƙaƙen kaya ba, sai ta ga dutsen mijinta ta cire su. Me zan je in ce mata?

Na yi ihu har karnuka suka amsa. Da jama'a suka rugo, na tsaya a bakin ƙofa na ware hannu, na ce duk wanda ya saka ƙafa ciki sai na karya ta. Suka jeru a jikin shingen waya suna leƙe. Kafin rana ta ɗaga an yanke hukunci: ɗan tsibirin nan ba zai taka kabari ba ko da an ɗora masa wuƙa a wuya. Baƙo ne. Baƙi kuwa waɗanda ba namu ba biyu ne, Gameya, mutumin gaɓar Papua da yake zuwa da tabarmi da ƙaguwa, da Darrell, baturen da yake gina katangar tare teku. 'Yan sanda suka ce jirginsu ba zai zo daga tsibirin Waiben ba sai Litinin.

Sai na aika a kira Athe Gibuma. Athe muke ce wa kaka.

*

Athe Gibuma ya haura saba'in, busasshen tsoho ne mai ido ɗaya mai kyau. Shi ne mai nemo ƙwan kunkurun teku. Yana da siririn ƙarfe da yake soka rairayi da shi, ya gane inda aka taɓa haƙawa da inda ba a taɓa ba. Magana kuwa sai ka ja ta daga bakinsa kamar haƙori.

"Wa ya share nan?"

"Ni da mata, jiya da yamma, Athe. Lungu-lungu."

"Yau dai bakinki ya yi amfani, Dalassa, tun da kin hana su shiga."

Ya duƙa a kan sawun tayil ɗin ya daɗe. Takalmin roba ne irin na masu nutso, wanda kanti ɗaya ke sayarwa, babu gidan da babu shi. Mutum ɗaya ne, in ji shi, mai ƙarfi, ya tura dutsen gaba da baya har ɗanyen simintin ya saki, ya kwantar da shi a baro a hankali. Ko ɓallewa bai yi ba.

"Ɓarawo mai tausayi ke nan," na ce. "Allah ya sa ya faɗo masa a ƙafa."

Muka bi layin tayar baron. Daga daɓen zuwa ƙofa hanya ce miƙaƙƙiya, fili ne fetal, domin wannan ɓangaren sabo ne, kaburbura ba su kai ba. Amma taku uku daga daɓen sai layin ya karkace, ya yi rabin da'ira, sannan ya dawo kan hanya. Nan tayar ta nutse sosai, an ga inda mutumin ya dage ya tokare ƙafa don kada kayan su kife.

Athe ya nuna tsakiyar da'irar da ƙarfensa. "Mene ne a nan?"

"Babu komai. A nan muka kwaɓa siminti. A nan nake ajiye kujerata ina kallon aiki."

"Kwana nawa?"

"Tara. Athe, dutse nake nema, ba tarihin kujerata ba."

Bai kula ni ba. Ya dubi sawuna na safe, wanda ya ratsa wurin a miƙe, ya sake duban na baron. Ya tambaye ni yadda aka yi na san a nan kabarin yake, tun da babbar cikar tekun bara ta shafe tudun kaburbura ta kwashe gicciyoyin katako.

Wannan tambayar ta ba ni haushi. Duk tsibirin an san labarin, don ni da bakina na ba da shi ya fi sau ɗari. Ranar binnewa na ƙirga taku tara daga turken kusurwar shinge, ban gaya wa kowa ba, saboda na san halin teku. Lokacin da ruwan ya shigo ina Cairns, na kai maigidana wankin ƙoda, wata biyar na yi. Da na dawo na tarar dangi sun rikice, sai na tsaya a jikin turken na ƙirga tara na kafa sabon gicciye. Mutane suka yi ta sa mini albarka.

"Tara," in ji Athe. Ya ci gaba da tafiya.

A bakin teku layin ya ƙare, ruwan asuba ya lashe sauran. Baron yana kife a gefe, da fentin kamfanin katanga a jikinsa.

*

Gameya muka fara samu. Yana zaune a gefen kwalekwalensa, samari shida sun kewaye shi, sun riga sun cire masa tiyon mai don kada ya gudu. Wata tana cewa bokayen ƙasarsu suna sayen dutsen da aka sa wa hoton mamaci, wani yana cewa gogewa suke yi su sake rubutu. Ni ma na zuba nawa. Na ce masa shekara ashirin muna ba shi shinkafa da gari, abin da zai saka mana da shi ke nan.

Ya dube ni idonsa ya kawo ruwa. "Ama, uwata, marigayi ne ya ba ni injin nan. Ni zan taka shi?"

"Ina ka kwana?" in ji Athe.

"A nan, ƙarƙashin tamfol."

"Ranar da aka binne shi kana nan?"

"Ina nan. A can baya na tsaya, ban ga komai ba sai ƙeyoyin mutane."

Athe ya zagaya kwalekwalen, ya durƙusa ya leƙa ƙasansa. Ƙananan ƙaguwa sun tara ƙwallayen rairayinsu har sun rufe gindin jirgin. Ya miƙe ya ce jirgin nan bai motsa ba tun Litinin, a mayar masa da tiyonsa. Babu wanda ya motsa. Wani ya ce ai yana iya aron jirgin wani, ni kuma na ce a riƙe tiyon tukuna. Na faɗa, ba zan ɓoye ba.

*

Darrell yana kan katanga da jar fuskarsa da hular aiki. Shi ne ya taɓa cewa a taron unguwa gara a kwashe maƙabartar gaba ɗaya a kai tudu, har yau ba mu yafe masa ba.

"Baron nawa ne," ya ce. "A waje yake kwana. Kullum wani ya ara, ba a taɓa tambayata ba."

"Kai ka ce a kwashe matattunmu," na ce. "Ka fara da ɗaya ke nan?"

"Baiwar Allah, bayana ko buhun siminti ba ya ɗauka. Ni da maƙabartarku, tun da muka sake kafa shingen bara ban kuma shiga ba."

Athe ya tambaye shi wa ya ba shi aikin shingen, da me ya auna, amma ni na riga na ɗauki zafi, ina lissafa masa abubuwan da turawa suka kwashe daga tsibirin nan tun zamanin kakana. Sun koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa, Darrell yana nuna bakin ruwa da hannu. Ban saurara ba. Ina ganin ɓata lokaci ne.

A hanya Athe ya tambaye ni wane irin akwati muka sa marigayin. Na ce ai ka gani. Ya ce yana so ya ji daga bakina.

Mutanen kamfanin jana'iza na Cairns sun aiko mini da littafin hotuna mai sheƙi, kamar na masu sayar da kujeru. Su ba sa cewa akwatin gawa, kowanne da sunansa mai daɗi, wannan Hutun Sarki, wancan Gaɓar Salama. Maƙabarta ma lambun tunawa suke ce mata. Akwai mai faɗin kafaɗa da tsukakken ƙafa, irin wanda muka saba, akwai kuma mai kusurwa huɗu, faɗinsa ɗaya daga sama har ƙasa, murfinsa da ƙyaure. Marigayi ƙato ne, na farkon bai ɗauke shi ba. Mai kusurwa huɗu muka sa, sai da maza suka ƙara faɗin ramin da kamu biyu.

"Rami mai faɗi," in ji Athe, kamar na ba shi kyauta.

*

Da yamma muka je wurin Baban Lensi. Ƙanen marigayi ne, shi ma wan mijina ne, shi ya sa ba na kama sunansa. Masunci ne, shekara guda ya yi a jirgin kamun kifi can kudu, makon jiya ya dawo saboda bikin. Babu wanda ya zarge shi, wa zai zargi mutumin da ya suma a kan akwatin ɗan'uwansa? Ni dai ina jin nauyinsa, domin sau biyu a makon ya zo bakin madafata yana murza hula, yana cewa yana da magana a kan kabarin. Na ɗauka zancen dutse ne, don shi mai ruwan toka ya so, ni na zaɓi baƙi mai hoto. Duka biyun na kore shi. Na ce masa jini ba ya sa baki a aikin mariget, ya jira Asabar kamar kowa.

Mun same shi a rumfarsa yana ɗinkin koma, abincin rana yana gefe ƙudaje suna bi. Ya miƙe ya ba ni kujera, bai dubi fuskata ba, haka ladabi yake tsakaninmu.

"An ce sun riƙe wa Gameya tiyo," ya ce da Athe.

"Sun riƙe."

"Ba shi ba ne."

"Ka san ko wane ne?"

Ya ci gaba da jan zare.

"Ranar binnewa a ina ka tsaya?" in ji Athe. Kowa ya yi wa wannan tambayar yau, kowa kuma cewa yake kusa da wance, ko ƙarƙashin rumfa.

"A wajen kansa. Inda gicciyen coci yake hawa kan tankin ruwa."

Na ce a raina baƙin ciki ya fara taɓa bawan Allah. Na ce masa ya ci abinci, ya bar mini ɓarawon, in na kama shi sai ya gwammace ba a haife shi ba. Ya ce to.

Daga nan na wuce wurin Telita. Tana kishingiɗe cikin baƙar rigarta, ƙafafunta sun kumbura, farar rigar Asabar tana rataye a ƙusa inda za ta riƙa ganinta. Ba ta tambaye ni komai ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

*

Ranar Alhamis da hantsi Athe ya sa aka sake share maƙabartar, ya kira mu: ni, Gameya, Darrell, Baban Lensi, da Fada Mabua, limamin cocinmu, don ya zama shaida. Jama'a suka cika jikin shinge har da masu hawa bishiya. Ya ba kowannenmu furen roba ɗaya, ya ce ɗaya bayan ɗaya mu tashi daga ƙofa mu je mu ajiye a kan daɓen.

"Wasan yara za mu yi?" na ce. "Saura kwana biyu, Athe."

"Ke ce ta huɗu."

Darrell ya cire hula ya tafi a miƙe ya ajiye. Gameya ya tafi a miƙe, ana ta gunaguni a bayansa. Fada ya tafi a miƙe. Ni ma na tafi ina huci, na ajiye, na juyo.

Baban Lensi ya taho a hankali. Da ya kai taku shida sai ya tsaya. Ya dubi rairayin gabansa, inda sawun mutum huɗu ya bi ya wuce. Ya dubi Athe. Na ga ya gane abin da ake yi masa, na ga ya ɗaga ƙafa yana so ya taka. Ƙafar ta tsaya a sama. Sai ya mayar da ita, ya karkata hagu, ya yi rabin da'ira, daidai yadda tayar baron ta yi.

Bai kai furen kan daɓen ba. Ya durƙusa ya ajiye shi a kan rairayin da babu komai.

Athe ya matso, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda mutanen shinge ba za su ji ba. Ya ce tun jiya abin da ya dame shi ke nan. Mutum ya hau kan kabari ya tsaya hankalinsa kwance, sannan da kaya mai nauyin mutum ya wahalar da kansa yana zagaye fili. Baƙo zai taka duka biyun. Ɗan gari zai guje wa daɓen ya bi ta filin. Wanda ya yi akasin haka ya san babu kowa a ƙarƙashin tayil, ya kuma san akwai wani a ƙarƙashin rairayi.

Ya je gefen daɓen ya soka ƙarfensa a karkace ta ƙasa. Kamu ɗaya ya shiga ya tsaya cak. Ya gwada ta wajen kai, ya gwada ta wajen ƙafa, ƙasa ce da ba a taɓa haƙawa ba. Ya dawo wurin furen ya cire hula, ya ce, "Gafara dai, ɗana, ba da raini ba." Ya ɗora ƙarfen, da yatsa biyu ya danna, ya shige sulɓ har rabi. Ya bi gefe-gefe yana sokawa yana ja da ƙafa, har siffar ta fito a kan rairayi: kusurwa huɗu, faɗi ɗaya daga sama har ƙasa.

"Taku tara na ƙirga," na ce.

"Tara kika ƙirga," in ji Athe, "ƙirgarki daidai ce. Turken ne ya tashi. Ruwa ya cinye kusurwar, suka dawo da shingen ciki da taku uku. Gindin tsohon turken yana can bayan katanga, jiya na tono shi."

Darrell ya dubi shingen da ya kafa. Ba laifinsa ba ne, babu wanda ya gaya masa wata mata ta rataya mamaci a jikin turke.

Baban Lensi yana durƙushe har yanzu. Ya ce shi masunci ne, duk inda ya tsaya idonsa sai ya ɗauki alama, haka yake gane ramin kifi a tsakiyar teku. Ranar da ya dawo ya zo gaida ɗan'uwansa, ya tsaya a gefen daɓen, wajen kai, ya ɗaga ido, ya ga gicciyen coci a gefe guda tankin ruwa a gefe guda. Ya ja da baya yana nema har suka haɗu. Da ya dubi ƙasa, kujerata ce a wurin.

"Na zo sau biyu," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ban iya faɗa a gaban mata ba. Na ce in babu dutse za a ɗaga bikin, baƙi su watse, sai in same ki ke kaɗai, mu gyara ba wanda ya ji. Ban yi tunanin Gameya ba. Dutsen yana cikin jirgina, a naɗe. Ban kware shi ba, ko leƙawa ban yi ba."

Kwana tara. A kansa muka juye yashi da tsakuwa, a kansa maza suka yi ta kwaɓa siminti da shebur suna raha. A kansa na zauna na miƙe ƙafa ina shan shayi, ina zagin mai ɗaura tayil. Shekara guda kuma na sa iyalinsa suna zuwa suna yi wa rairayi addu'a. Kunya ta rufe ni.

"Ku ce ni na sata don fushin kalar dutse," in ji Baban Lensi. "Kowa ya san mun yi saɓani a kai. In mayar da shi yau, a yi biki. Daga baya mu gyara."

Athe yana goge ƙarfensa. Na dubi shinge, fuskoki ɗari suna jira. Da na karɓa. Tsakani da Allah na so in karɓa, sunana ya tsira, a ƙara sa mini albarka ranar Asabar. Amma da na karɓa, Telita za ta cire baƙaƙen kayanta a kan fili, in miƙa wa dangi tayil in ce ga ɗan'uwanku. Ga kuma Gameya a tsaye yana murza hannu.

Na taka har jikin waya. Allah ya ba ni murya, ranar ta yi aikin da aka halicce ta dominsa. Na ce babu ɓarawo a tsibirin nan. Na ce ni Dalassa na ɓatar da mamacin da aka ba ni amana, na gina kabari a kan banza, wanda ya zo ya gaya mini na kore shi sau biyu. Na ce a mayar wa Gameya tiyonsa yanzun nan, kuma duk abin da na faɗa masa jiya a kaina yake. Wata tsohuwa ta fara kuka.

*

Ban bari wani ya riga ni zuwa wurin Telita ba. Na durƙusa a gaban gadonta na faɗa mata duka, har da kujerar, har da shayin. Ta rufe ido ta daɗe, ina jin numfashinta yana fita da ƙyar.

"Kwana tara kika zauna masa a ka?"

"Tara."

"Shekara talatin ya yi yana haƙuri da bakinki. Kwana tara ba za su kashe shi ba."

Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Na ce mata gobe da asuba zan sa maza su fasa daɓen banzan su zubar a teku, kada ya zauna yana tuna wa mutane.

"Taku nawa ne tsakaninsu?"

"Uku."

"Yana yin minshari," ta ce. "Uku ya yi daidai. Kada ki fasa, Dalassa. Nawa kabarin kika auna."

Ranar Asabar dutsen ya tsaya a kan ɗanyen siminti, babu tayil ko ɗaya, sai fararen duwatsun bakin teku da muka jera. Muka kware atamfa goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, hotonsa ya fito yana murmushi. Na miƙa shi ga danginsa a tsaye, Baban Lensi ya karɓa. Telita ta fito cikin farar riga, mata biyu suna riƙe da ita, ta ci abinci sosai a ranar.

Ba ta koma Townsville ba. Wata huɗu ta yi ta rasu. Da maza suka ɗaga tayil suka fara haƙa, ƙasar ta yi tauri har shebur ɗaya ya karye. Bayan an rufe ta, ban ƙirga komai ba. Na je na tsaya a gefen Baban Lensi, na ce masa ya ɗaga ido ya gaya mini alamar da ya gani.